Bazara a Daura: Kayan zaƙi da sanyi da za ku iya haɗawa a gida

Da zarar an buga ƙararrawar tashi da misalin ƙarfe biyu na rana, babu abin da ke ran ɗalibi irin abu mai sanyi. Ƙasa ta ɗau zafi har ana jin ta ta cikin sandal, maƙogwaro ya bushe, ga jaka a baya. A bakin ƙofar makaranta kuwa ga masu kula a jere: zoɓo, kunun aya, ƙanƙara a leda, ga mai tiren mangwaro a gefe. Daga cikin garin Daura har Zango, Ɓaure, Sandamu da Mai'aduwa, haka abin yake tun daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, wata rana ma ya haura.

Mu mutanen Daura mun fi kowa sanin darajar ruwa. Tarihin baka ya nuna cewa macijin rijiyar Kusugu ya hana mutanen gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Yau babu maciji a rijiya, amma akwai abokin gaba da ido ba ya gani, wato ƙwayoyin cuta, kuma a zafi suka fi yaɗuwa. Zafin da ke sa mu kwaɗayin abin sanyi, shi ne dai yake saurin lalata shi. Ga kuma jarrabawar WAEC da NECO na ƙaratowa, ba lokacin kwanciya ciwo ba ne. Don haka a wannan makon muka kawo muku kayan zaƙi masu sauƙi da za ku haɗa da hannunku, da yadda za ku adana su, da dabarun da za su rage wa gida wahalar bazara.

Ma'auninmu shi ne gwangwanin madarar ruwa da kowane gida ke awo da shi, sai cokalin shayi. Ruwan leda biyu kuma lita ɗaya ke nan.

Ruwa tukuna

Kafin sukari, kafin citta, a fara duba ruwa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara to cutar cikinsa ta mutu. Ba haka ba ne. Sanyi kwantar da ƙwayoyin cuta kawai yake yi, idan ƙanƙarar ta narke sai su farfaɗo. Ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa tana iya jawo taifot ko amai da gudawa kamar yadda ruwan kansa zai jawo.

Maganin abin mai sauƙi ne. A tafasa ruwan har ya riƙa ɓulɓula na tsawon minti ɗaya, a rufe shi ya huce. Idan an sayo ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, kada a jefa ta cikin abin sha. A zuba abin shan a gora, a rufe, a jera ƙanƙarar a kewaye da gorar cikin kula. Sanyin zai shiga, ruwan ƙanƙarar kuma ba zai shiga ba.

Zoɓo da ruwan tsamiya

A samu zoɓo gwangwani biyu, a tsince, a ɗauraye shi sau biyu don fitar da ƙura da yashi. A zuba a tukunya da ruwa lita biyu, a sa dakakkiyar citta da kanumfari kamar guda biyar. Wanda ya samu ɓawon abarba wankakke ya jefa, yana ƙara ƙamshi. Idan ya tafasa kamar minti goma sai a sauke, a bar shi a rufe ya huce, a tace, sannan a sa sukari kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa.

Ruwan tsamiya ya fi wannan sauƙi. A wanke tsamiya cikin tafin hannu biyu, a jiƙa ta a ruwan zafi lita ɗaya na minti talatin, a murje da cokali, a tace, a sa citta da sukari ko mazarƙwaila. Haka ma farin garin da ke cikin 'ya'yan kuka: a jiƙa, a dama, a tace, a ƙara madara ko nono. Yana da bitamin C mai yawa, kuma a ƙauyukanmu ba ya wuyar samu.

Amfanin zoɓo da tsamiya shi ne suna da tsami, kuma ana haɗa su da tafasasshen ruwa, saboda haka sun fi jure zafi. Duk da haka abin da aka haɗa da safe a shanye shi a ranar, in dai babu firji.

Kunun aya, da darasin da ya koya mana

A jiƙa busasshiyar aya gwangwani uku ta kwana. Da safe a rege ta sosai, domin aya ba ta rabuwa da tsakuwa. A cire ƙwallon dabino guda goma a jiƙa shi ya yi laushi, a yanka rabin kwakwa ƙanana, a ƙara citta kaɗan. A markaɗa gaba ɗaya, a zuba ruwa lita ɗaya da rabi, a tace da ƙyalle mai tsafta. Zaƙin dabino da na ayar kan wadatar, ba lallai sai an sa sukari ba.

Ba mu kaɗai muke shan aya ba. A birnin Balensiya na ƙasar Sifen suna yin irin wannan abin sha, suna kiransa horchata, kuma masu binciken kayan tarihi sun samu aya a kaburburan mutanen Masar na dā.

To amma kunun aya shagwaɓaɓɓe ne, mu shaida ne. Muna 'yan aji biyar muka taɓa haɗa kuɗi mu huɗu, muka ce za mu yi kunun aya mu sayar ranar wasannin makaranta. Kuskurenmu na farko, mun kai markaɗe bayan an gama niƙa tattasai da attaruhu, ba mu ce a wanke inji ba. Na biyu, mun gama tacewa tun bayan sallar asuba, muka ɗura a goruna, muka ajiye a aji babu ƙanƙara. Kafin azahar gorunan sun kumbura, da muka buɗe ɗaya sai ta yi tsiit kamar lemon kwalba. Ga yaji, ga tsami. Haka muka zubar da shi a bayan aji, jarinmu ya bi ruwa, muka kuma sha tsiya a wurin abokai har ƙarshen zango.

Daga baya malamin kimiyya ya warware mana abin da ya faru. Kunun aya ba a dafa shi, ga shi da zaƙi da maiƙo, abincin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 suke hayayyafa, kuma idan yanayi ya yi musu daɗi wasunsu kan ninka yawansu duk minti 20. Ku lissafa da kanku: ƙwaya ɗaya a awa ɗaya ta zama 8, a awa biyu 64, a awa shida ta haura 260,000. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa biyu, balle kunun da ko wuta bai gani ba. Saboda haka a yi daidai wanda za a sha, a sa shi cikin sanyi nan take, in kuma ya fara tsami ko gora ta kumbura a zubar. Ƙara masa sukari ba ya gyara shi.

Mangwaro, sarkin bazara

Mangwaro nunanne guda huɗu sun isa a yi wa 'yan gida ƙanƙara. A wanke, a fere, a yanke tsokar, a markaɗa ko a murje ta a rariya, a ƙara ruwa kofi ɗaya da madarar gari cokali uku. A ɗura a ƙananan kofuna, a tsaya da ƙaramin cokali a tsakiya, a sa a firiza. Gidan da babu firiza sai a sha shi haka nan a matsayin lemo.

Idan mangwaro ya yi arha har yana zuba, a yanka shi siriri-siriri, a shanya a faranti a rana, a lulluɓe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda. Bayan kwana biyu zuwa uku zai bushe ya yi danƙo kamar alawa. A adana a kwalba mai murfi.

Sai gargaɗi biyu. Na farko, hukumar NAFDAC ta sha jan kunne kan nunar da 'ya'yan itatuwa da sinadarin kabayid, irin wanda masu walda ke amfani da shi, domin yana ɗauke da guba. Idan kun ga ɓawo ya yi rawaya shar amma ciki da tauri da tsami, ku yi hattara. Mai son mangwaronsa ya nuna da wuri ya naɗe shi a takarda tare da nunanniyar ayaba. Ayabar tana fitar da wata iska mai suna etilin, ita ce ke hanzarta nuna, kuma ba ta cutarwa. Na biyu, reshen mangwaro yana karyewa ba sallama. A nemi izinin mai bishiya, a yi amfani da doguwar gora. Karayar hannu ana saura mako biyu jarrabawa ba ƙaramar asara ba ce, Hausawa kuma sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Waɗanda ba sa tsoron zafi

Kakanninmu ba su da firji, amma suna yin alkaki, nakiya da dakuwa su yi kwanaki ba su lalace ba. Sirrin shi ne ƙarancin ruwa. Ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa sai da danshi, sukari da zuma kuwa suna riƙe ɗan ruwan da ya rage. Saboda haka a bazara busasshen kayan zaƙi ya fi aminci a jakar makaranta.

Kantun riɗi: a wanke riɗi gwangwani biyu, a rege, a shanya ya bushe. A soya shi a busasshen kasko da wuta kaɗan har ya fara ƙamshi yana tsalle, a juye. A zuba sukari gwangwani ɗaya a kaskon, a bar shi ya narke ya yi ruwan zuma, sai a zuba riɗin a juya da sauri. A juye a faranti da aka shafa wa mai, a murza da kwalba, a yanka tun da zafinsa, domin idan ya huce sai dai a fasa. Haka ake yi da soyayyar gyaɗa.

Alawar madara: a dafa sukari gwangwani ɗaya da ruwa rabin gwangwani har ya yi danƙo. Gwajinsa, a ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, idan ya dunƙule bai narke ba to ya yi. A sauke, a riƙa zuba madarar gari kamar gwangwani uku ana tuƙawa har ta haɗe. A shimfiɗa a kan leda mai tsafta, a murza, a yanka.

Gullisuwa: a kwaɓa madarar gari gwangwani biyu da sukari cokali huɗu da ruwa 'yan ɗigo har ta yi tauri, a mulmula ƙanana, a soya a mai da wuta kaɗan. Tana saurin ƙonewa, kada a matsa daga wurin.

A kula, narkakken sukari yana haura digiri 150, ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata. A kori ƙanne daga kusa da murhu, a sanar da Umma ko Yaya kafin a ɗora. Idan tsautsayi ya faru, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a wurin na minti 20. Kada a shafa man goge baki, ƙwai, manja ko gishiri. Idan ƙunar babba ce a tafi asibiti.

Firjin da ba ya neman wutar lantarki

Kun taɓa tambayar kanku dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu. Idan iska ta busar da wannan danshin, sai ya tafi da zafin da ke cikin randar. Gram ɗaya na ruwa idan ya bi iska yana kwashe zafin da ya isa ya rage wa rabin lita kimanin digiri ɗaya. Aikin da zufa ke yi a jikinmu ke nan.

Da wannan ilimin Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a kwalejin fasaha da ke Dutse a maƙwabciyarmu Jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. A gwaje-gwajensa, gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, alayyafon da kan yi yaushi a yini ɗaya ya kai kwana 12. Wani abin da ya dame shi shi ne yadda ake tura 'yan mata talla kullum don a sayar da kayan lambu kafin su ruɓe. Idan kaya za su jira ranar kasuwa, yarinya ta samu damar zuwa aji.

Ga yadda za ku yi taku. A samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki, a cike tsakaninsu da yashi. A jiƙa yashin sharkaf, a sa tumatir, tattasai, mangwaro ko gorunan zoɓo a cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. A ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a ƙara ruwa safe da yamma. Ta fi aiki a Maris da Afrilu lokacin da iska ke bushe, idan damina ta kawo jiki aka fara gumi sai ƙarfinta ya ragu. Amma ku sani, sanyinta bai kai na firji ba. Ba wurin ajiye nama, nono ko kunun aya ba ne.

Ƙananan dabarun gida

A wanke randa aƙalla sau ɗaya a mako, a rufe ta da faifai ko murfi. A ware moɗa mai mariƙi ta ɗiba kawai, a zuba a kofi a sha.

Gorar ruwan makaranta a naɗe ta da jiƙaƙƙiyar safa ko tsumma, a rataye a inuwa kusa da taga.

Idan kiyashi ya addabi sukari, a ɗora robar a cikin faranti mai ruwa. Ba za su iya haye shi ba.

Idan aka ɗauke wuta, a daina buɗe firji. A rufe yana riƙe sanyinsa kimanin awa huɗu, firiza da ke cike kuwa har kwana biyu. Gawayi biyu ko uku a ƙaramin kwano suna rage warin firji.

Tukunyar gas, fitila mai caji da waya, duk a kawar da su daga rana.

Mai kwana a tsakar gida ya ɗaura gidan sauro, ya kuma kakkaɓe takalmi da tabarma kafin amfani, domin bazara lokacin kunama ne.

Zaƙi da iyaka

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke samun ƙarfi da shi a yini. Ga babban mutum wannan kimanin cokalin shayi 12 ne, in an rage zuwa 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya tana iya cinye mafi yawan wannan kason. Ƙishirwa dai ruwa ne maganinta. Idan fitsari ya yi ja-ja, jiki na neman ƙarin ruwa. Bayan an ci alawa kuma a kuskure baki.

Idan wani a gida ya kamu da gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari kafin a isa asibiti. Na fakiti ya fi. In babu, a samu tsaftataccen ruwa lita ɗaya, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi a shafe.

Akwai kuma sanƙarau, wanda ya fi ɓulla a lokacin zafi da ƙura. Yankinmu yana cikin zirin ƙasashen da cutar ta fi addaba, daga Senegal zuwa Habasha. Tana yaɗuwa ta tari, atishawa da yawu, don haka a daina zagaya gora ɗaya baki-baki, a kuma buɗe tagogin ɗakin kwana, musamman a makarantun kwana. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai da sanƙarewar wuya, waɗannan na asibiti ne nan take. Idan an zo rigakafi a miƙa hannu.

Ga mai son juya ɗan jari

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya ƙware a kantu ko alawar madara yana iya samun kuɗin littafi da biro. A fara da busasshen kaya, tunda abin da bai ƙare yau ba zai kai gobe. A rubuta duk abin da aka kashe, har gawayi da leda. Misali, in an kashe naira 2,000 aka samu yanka 50, kowane yanka ya tsaya a naira 40, sai a sa farashi sama da haka. A yi aikin ranar Asabar ko Lahadi, a ajiye a shagon unguwa ko a sayar a gida da sanin iyaye. Sana'ar da za ta hana shiga aji ko bitar darasi ta ci riba ta ci uwar kuɗi.

Aikin wannan mako

Ku samu goruna biyu iri ɗaya, ku cika su da ruwa ɗaya. Ku naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ku bar ɗayar haka, ku ajiye su a inuwa wuri guda. Bayan awa ɗaya ku taɓa, in makarantarku na da ma'aunin zafi ku roƙi malamin kimiyya ku auna. Ku rubuto mana bambancin da kuka samu, da sunan makarantarku da ajinku. Wanda kuma kakarsa ta koya masa wani kayan zaƙi da ba mu ambata ba, ya aiko da yadda ake yi, za mu buga a fitowa ta gaba.

Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, Ya kawo mana damina mai albarka.